Kundin mastas ɗin ƙanwata da rigimar waye ya fara sauka a zango

Wannan rubutun akan binciken digiri na biyu ne da wata ƙanwata tayi a nan Legas a fannin tarihi, da yadda aikin ya kusa zame mata fitina ba tare da ta nema ba. Na nemi izininta kafin in rubuta, ta yarda bisa sharaɗin ba zan faɗi sunanta ba, ba sunan unguwar, ba jami'ar, ba gidajen da abin ya shafa, don har yanzu maganar bata gama kwanciya ba. Abinda yasa na ga ya kamata a rubuta shine yaranmu da yawa yanzu suna shiga mastas da digiri na uku a tarihi da siyasa da nazarin addini, kuma kusan kowa abinda yake fara zuwa masa shine bari in rubuta akan mutanenmu, tunda yarenmu ɗaya addininmu ɗaya ai aikin zai zo da sauƙi. Toh ga yadda ya zo mata.

Ita 'yar ƙanin babanmu ce, a Zariya ta tashi, can tayi digirin farko, aure ne ya kawo ta Legas. Ni kuwa nan aka haife ni, mahaifinmu sana'ar goro yayi har Allah ya karɓi ransa, don haka dattawan unguwannin nan da dama sun sanni tun ina yaro ina bin sa rumfa. Da ta samu gurbin karatu sai ta zaɓi ta rubuta tarihin wani zangon Hausawa, daga zuwan jirgin ƙasa har zuwa 1999: yadda aka kafa shi, kasuwancin da ya riƙe shi, masallaci da makarantun allo, da yadda shugabanci ya riƙa tafiya tsakaninsu da Yarbawa masu ƙasa. Ni aikina rakiya ne kawai da buɗe ƙofa, ba ni da ilimin da zan sa mata baki a rubutu, amma kusan duk inda taje ina wurin.

Ga wanda bai san garin ba, Hausawa ba jiya suka zo Ikko, wato Legas, ba. Tun kafin Turawan Ingila su karɓe garin a 1861 akwai Hausawa a ciki, da yawansu bayi ne da aka gangaro dasu daga arewa, kuma daga cikin irinsu ne wani hafsan Turawa mai suna Glover ya haɗa rundunarsa a 1863, wadda har yau ake danganta tushen sojan Najeriya da ita. Daga baya layin dogo ya kai Ibadan a 1901, ya kai Kano a 1911, sai hanya ta buɗe, shanu su gangaro goro ya hau. Da can fatake sai sun tafi har Gwanja neman goro, amma da aka fara noma shi sosai a ƙasar Yarbawa, wajajen Agege da Shagamu, sai mutanenmu suka riƙa sauka kusa da gonakin da tashoshin jirgi. Yau in ka ce Agege, Idi-Araba, Obalende, Mile 12, Alaba Rago, kowa ya san akwai Hausawa, kuma kowace unguwa da nata labarin daban, ba a haɗa su a kwano ɗaya.

Littafin da malaminta mai duba aikin ya fara miƙa mata shine na Abner Cohen akan Sabo, unguwar Hausawa ta Ibadan, wanda ya fito a 1969, inda ya nuna yadda maigida da dillali da bashi na amana suka riƙe cinikin goro da shanu, da yadda shigar mutanen Sabo ɗariƙar Tijjaniyya ta taimaka musu suka ci gaba da zama jama'a guda. Ta karanta ta ce min, Yaya ai wannan rayuwar Baba ce aka rubuta. Amma ta lura Baturen bai cika shiga cikin gida ba, maza yafi zama dasu, kuma nan ta ga inda ita zata iya ƙarawa.

Matsala ta farko takarda ce. Tsarin makaranta shine duk wanda zaka yi hira dashi sai ka bashi fom ya karanta ya sa hannu cewa ya yarda, kuma manufar mai kyau ce, don kar a ɗauki maganar mutum ba da saninsa ba. Sai dai dattijo na farko da muka je wurinsa, wanda ya karɓe mu da fara'a har ya aika aka kawo mana lemo, yana ganin ta zaro takarda da biro sai fuskarsa ta canza. Ya ce 'yata, hira kika zo ko shari'a? Ta yi bayani iya yinta, ya ce shi zai bata labari har dare in tana so, amma hannunsa ba zai hau takarda ba. Haka na biyu, haka na uku. Ni ban yi mamaki ba sam. Mutanen nan sun ga rikicin Ketu da Mile 12 a 1999, sun ga na Idi-Araba a 2002, sun ga an rufe kasuwar Mile 12 a 2016, sun ga yadda hana acaba a 2020 da 2022 ya watsa yaran da suke kwana a zaurukansu. A sanin su, takardar da baƙo ya kawo a sa hannu ko ta haraji ce, ko ta tashi, ko ta ofishin 'yan sanda. Ba jahilci bane, abinda suka gani ne.

Wannan an warware shi ba tare da wahala ba. Ta koma wurin malaminta, mutumin kirki ne Bayarabe wanda shi kansa yayi aiki da tarihin baka, ya ce ta riƙa ɗaukar yardar da baki a farkon rikodin, ta faɗi ko ita wacece, me zata yi da maganar, da cewa mutum na da damar ya ce a kashe waya ko a cire sunansa duk lokacin da ya ga dama, ni kuma in zama shaida. Da Hausa take faɗa, a gaban kowa. Daga nan ƙofofi suka buɗe. Amma ku riƙe wannan alkawarin da take yi a farkon kowace hira, don shine ya zama ƙashin bayan duk abinda ya biyo baya.

Babi na biyu na kundin shine kafuwar zangon, kuma nan aka samu labari ba ɗaya ba. Akwai manyan gidaje biyu a unguwar. Gida na farko jikokin wani falke ne mai goro, su abinda suka riƙe shine kakansu ya zo da ƙafa tun kafin jirgi, ya je wurin Bale, wato mai garin na Yarbawa, da goro da kyauta ya nemi wurin sauka, aka nuna masa daji ya sare, duk wanda ya zo bayansa baƙonsa ne. Gida na biyu jikokin wani malami ne da ya zo tare da masu shanu, su kuma suna cewa ai wancan kwana yake ya wuce, bai zauna ba, nasu kakan ne ya fara kafa bukka ya kafa masallaci ya tara almajirai, kuma wuri baya zama gari sai an kira sallah a cikinsa. Kowane ɓangare da sunayen kakanni a jere, da wurin da rijiyar farko take, da bishiyar da aka ɗaure dabba, kuma wallahi in ka zauna da kowannensu sai ka tashi ka yarda dashi, don ba ƙarya suke shiryawa ba, abinda iyayensu suka faɗa musu suke faɗa.

Labari na uku a cikin gida ta samo shi, inda ni ban isa in shiga ba. Wata tsohuwa ce da ta haura tamanin, nan aka haife ta, ta auri ɗan gida na biyu amma uwarta daga gida na farko take. Ita ta ce mata duk su biyun sun tarar da mutane. Akwai wasu tsofaffin sojoji da 'yantattun bayi da suka riga su zama a gefen, suna noma suna auren matan garin, da wata mata mai tuwo wadda fatake suke sauka a wurinta, kuma ita ce ta kai su wurin Bale don ita ke jin Yarbanci. Sannan ta ƙara da abinda ya fi komai nauyi, ta ce ɗaya daga cikin kakannin biyun da ake taƙama dasu shi kansa ba ɗa bane, ubangidansa ne ya turo shi da kaya ya zauna bai koma ba. Ta faɗi wanne. Tana gama faɗa ta ce, ke 'yar nan magana zarar bunu ce, na faɗa miki don kar ta mutu dani, amma kar in ji sunana a bakin maza.

Ƙanwata ta fito jikinta a sanyaye. A mota take ce min, Yaya wannan fa shine abinda ake nema a bincike, amma ina jin tsoronsa.

Ta tafi Ibadan gidan adana takardun tarihi na ƙasa, wanda yake cikin harabar jami'ar Ibadan, wanda Kenneth Dike ya assasa a 1954. Takardun mulkin mallaka na yankin Legas can suke, musamman fayilolin ofishin kwamishinan Koloni da na babban sakatare, don haka duk mai rubuta tarihin Legas na zamanin Turawa sai ya bi ta can. Jirgin ƙasan da aka buɗe a 2021 ta riƙa hawa, abin ya zo mata da sauƙi. Bayan dogon tone-tone ta samu wata takardar koke ta wajajen shekarun 1930 daga Hausawan wurin, akan maganar kasuwa, da dangwalen yatsu da wasu sunaye da ajami. Sunayen kakannin nan biyu duk suna ciki, amma wanda aka rubuta a matsayin shugaba wani mutum ne na uku da babu gidan da ya ambace shi, kuma zuriyarsa babu kowa yanzu a unguwar. Takardar bata ce ga wanda ya fara zuwa ba. Abinda ta nuna kawai shine a wancan lokacin shugabancin ba a ɗayan gidajen biyu yake ba, kuma hakan ya fi kusa da maganar tsohuwa.

Anan karatun Zariya yayi mata rana. Ta sha faɗa min cewa a sashensu an horar dasu akan tafarkin su marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, cewa kowace madogara sai an tambaye ta waye ya faɗa, yaushe, ga wa, kuma me yake nema. Bature ne ko malami ne ko kakarka ce duk ɗaya. Takardar koken ma bata ɗauke ta wahayi ba, ta ce mai yiwuwa wanda aka sa a gaba don yana jin Turanci ne ko don Turawa sun san shi, ba don shi ne babba ba.

Da a nan abin ya tsaya da babi ne mai daɗi kawai. Sai Allah ya yi wa mai riƙe da sarautar zangon rasuwa tana tsakiyar rubutu. Kafin ayi sadakar arba'in gidajen biyu kowa ya fito da ɗan takara, kuma maganar ba rawani kaɗai bace, akwai filin da ke jikin masallaci, akwai shagunan da ake karɓar haya, akwai waye gwamnati da 'yan siyasa zasu riƙa kira in ana neman Hausawan wurin. Tambayar waye ya fara sauka, wadda a wurinta babi na biyu ce, ta koma hujja.

Wani ɗan gida na farko, ɗan boko ne mai kuɗi kuma mutum ne mai mutunci a idon jama'a, ya kira ni ya ce Malam ina son ganinka da ƙanwarka. Muka je. Ya yabi aikin, ya ce abin alfahari ne 'yar Hausa tana rubuta tarihinmu, ya ce shi zai ɗauki nauyin buga shi littafi a raba kyauta. Sai ya ce amma yana son kwafin babin kafuwa yanzu, da rikodin ɗin hirarrakin duka, lauyansa zai duba. Ta ce ranka ya daɗe aikin bai ƙare ba, kuma muryoyin amana ce. Ya ce ai muryar babansa na ciki. Ta ce ta babanka zan baka in shi ya ce a baka, ta sauran ba tawa bace. Bai ɗaga murya ba, amma mun fito mun san ba a rabu da daɗi ba.

Mutane da yawa basu san dalilin da lauya zai so kundin ɗaliba ba, toh ga shi. A dokar Najeriya tarihin gargajiya hujja ce a shari'ar ƙasa. Kotun ƙoli a shari'ar Idundun da Okumagba ta 1976 ta lissafa hanyoyi biyar na tabbatar da mallakar fili, kuma ta farkonsu ita ce tarihin gargajiya, wato waye ya fara sarar wurin da yadda ya gangaro har zuwa kanka. Dokar shaida ma ta yarda a saurari abinda aka gada na baka in ana jayayya akan filin dangi ko na al'umma. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, amma bata hana ana wannan shari'ar ba. Haka rigimar sarauta, kwamitoci suna karɓar rubuce-rubuce, kuma kundi mai tambarin jami'a yana da kwarjini a gabansu ko da ɗaliba ce ta rubuta. Don haka mutumin ya san abinda yake nema.

Kwana kaɗan labari ya zaga cewa an saye ta. Wa ya fitar oho, amma gida na biyu suka rufe ƙofa, dattijon da ya saba kiranta 'yata ya aiko a ce mata ta goge maganarsa. Matan da take zama dasu suka fara kaffa-kaffa. Aka samu mijinta a masallaci aka ce ya ja wa iyalinsa kunne, shi kuma ɗan kasuwa ne da yake hulɗa da ɓangarorin biyu, ya dawo gida ransa a ɓace ya ce ko dai ta canza unguwa ko ta cire babin gaba ɗaya. Ban ga laifinsa ba, cin abincinsa a wurin yake. Lokacin ta rame sosai, ga goyo, ga kuɗin makaranta da ake ƙara biya in ka wuce wa'adi.

Hanyoyin da ke gabanta ba masu yawa bane. Ta bayar da babin a huta da gida ɗaya, wannan ko minti ɗaya bata tsaya akansa ba. Ta cire babin ta fara labari daga 1950, wanda shine shawarar mijinta kuma wasu abokan karatunta suka goyi baya, sun ce digiri kike nema ba gyaran duniya ba. Ko ta rubuta komai yadda ta ji, har da maganar bauta da sunan gida, ta ce gaskiya ce kowa ya ji da ita, kuma akwai wani malami matashi a sashen da ya tsaya akan haka, ya ce ɓoye asalin bauta shine ya sa har yau tarihin Hausawan kudu yake cike da fatake da malamai kamar babu wanda aka kawo da igiya. Maganarsa tana da ƙarfi, ni kaina ta shige ni. Malaminta kuma ya ce ta sakaya sunan kowa har unguwar, kamar yadda masu nazarin zamantakewa suke yi. Ita ta ce in ta sakaya komai ya daina zama tarihi, don babu wanda zai iya bin sawunta ya duba.

Abinda tayi a ƙarshe tsaka-tsaki ne, amma ba na tsoro ba. Ta bar babin. Ta jera ruwayoyin uku kowacce da cikakken bayaninta, ta faɗi daga wane irin baki ta fito, me ke ƙarfafa ta, ina take da rauni. Ta rubuta ƙarara cewa madogaran da ke hannu basu isa a ce ga wanda ya fara sauka ba, kuma abinda suka fi nunawa shine wurin ya taru ne a hankali daga mutane iri-iri, sojoji da 'yantattu da fatake da masu shanu da matan da ke ciyar dasu. Sunayen da ke cikin takardar Ibadan ta bar su yadda suke tunda duk mai so zai iya zuwa ya gani. Masu rai da suka nemi a sakaya su ta basu lamba. Dattijon da ya ce a goge maganarsa ta cire duk abinda ya faɗa daga kundin, ta aika masa cewa an cire, duk da hirarsa na cikin mafi kyau da ta samu, har kuka tayi ranar. Maganar bauta kuwa ta rubuta cewa ruwayar mata ta nuna akwai masu asalin bauta cikin waɗanda suka kafa wurin har da waɗanda daga baya suka zama manya, bata ce wane gida ba.

Sannan tayi abinda babu wanda ya sa ta. Kafin ta miƙa kundin ta fassara babin da Hausa, muka nemi limamin wata unguwa da ɓangarorin biyu suke ganin girmansa ya raka mu, muka je kowane gida ta karanta musu daga farko har ƙarshe. A gida na biyu an yi shiru har ta gama, sai wani tsoho ya ce toh ashe ba a sayar damu ba, ya gyara mata sunan wata rijiya da shekarar da aka faɗaɗa masallaci, ta rubuta. Dattijon nan bai ce a mayar da maganarsa ba, ita ma bata roƙa ba. A gida na farko abin bai yi armashi ba, ɗan bokon ya ce wannan ai kin wanke kowa kin bar mu a tsaye, kakanmu da kowa ya sani kin mayar dashi ɗaya daga cikin uku. Ta ce Alhaji abinda na samu kenan, in akwai takarda ko wani dattijo da ban ji ba a nuna min in ƙara. Ba a nuna ba. Babansa dai da zamu fita ya sa mata albarka.

Ranar kare kundi malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya matsa mata a wuri biyu. Ya ce lambobin da ta ba mutane sun yi yawa, ta yaya wani zai tabbatar ba ita ta ƙirƙira ba. Ta ce rikodin na nan da jerin sunaye a rufe, kwamiti na iya saurara a gabanta amma ba zai fita ba. Ya kuma ce ta taɓo maganar bauta ta gudu. Ta amsa cewa mace ɗaya ce ta faɗa, bata samu ta biyu ba, kuma ba zata liƙa wa gida asali da baki ɗaya ba ana tsakiyar rigimar sarauta. Ya ce ta rubuta wannan dalilin a cikin babin hanyoyin bincike maimakon ta bar shi a ranta, ta rubuta, aka bata digirinta.

Ni a ganina akan rikodin ɗin bata da abin zargi ko kaɗan. Mutanen nan sun ƙi takarda sun yarda da bakinta, ni ne shaida, da ta miƙa wa lauya muryoyinsu da babu ɗalibin da zai sake shiga zangon nan da waya a hannu, kuma da ni ma na daina shiga. Haka karanta musu da tayi, ina ganin ya kamata ya zama al'ada ga duk wanda ya rubuta akan unguwa mai rai, don ban ga adalci ba a kwashi labarin mutane a rubuta da Turancin da basa ji a ajiye a laburaren da ba zasu taɓa shiga ba. Inda zuciyata bata kwanta ba shine tsohuwar nan. Ita kaɗai ce ta tuna da mai tuwo da sojojin da kowa ya manta, ita ce takardar Ibadan ta fi gaskatawa, amma a kundin lamba ce, kuma rabin maganarta a rufe. Na san ita ta nemi haka, na san dalilin, duk da haka abin yana damuna, don in aka ci gaba a haka tarihinmu a Legas zai zama na gidajen da suke da jikoki masu kuɗi ne kawai. Na faɗa wa ƙanwata, ta ce ita ma yana damunta, shi yasa in Allah ya bata dama digiri na uku akan matan zango zata yi, masu tuwo da masu fura da ungozoma da malaman makarantun matan aure, ta haɗa unguwanni da yawa yadda za a iya faɗin irin wannan maganar ba tare da yatsa ya nuna gida ɗaya ba.

Sarautar dai an naɗa, ɓangaren da bai samu ba bai gama haƙura ba, kuma iya sanina babu wanda ya kai kundin gaban kwamitin sarauta tunda baya taimakon kowa. Mijinta ya rasa wasu abokan ciniki na ɗan lokaci, yawancinsu sun dawo. Tsohuwar ta rasu bayan an gama aikin, Allah ya jiƙanta, haka wasu dattawa da dama cikin waɗanda aka yi hira dasu.

Abinda ya rage a buɗe shine ina za a ajiye muryoyin. Yanzu suna kan kwamfutarta da wani kwafi a wurina, kuma wannan ba ajiya bace, wuta ko ɓarawo ko ruwan Legas na iya tafiya dasu rana ɗaya. Ta yi tunanin Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda ke ƙarƙashin jami'ar Ahmadu Bello kuma aikinsa kenan, da sharaɗin a rufe wasu har zuwa wasu shekaru. Amma a farkon kowace hira abinda ta faɗa shine don karatunta ne, bata ce za a ajiye wa wasu ba, don haka sai ta koma ta nemi sabon izini wurin masu rai, waɗanda suka rasu kuma wurin 'ya'yansu. Ta fara da gidajen da abin bai da nauyi. Na tsohuwar ne bata san wurin wa zata je ba, tunda 'ya'yan nata suna cikin mazan da ta ce kar su ji.